Malam Aminu Kano, malamin makarantar da ya haɗa kan malaman Arewa

A shafin tarihin magabata na bana mun ɗauko mutumin da babu wadda ba ta san sunansa ba a cikinmu. Wadda ta tafi aikin Hajji ta Kano, daga filin jirgin da ke ɗauke da sunansa ta tashi. Wadda ta yi jinya a babban asibitin koyarwa na Kano, sunansa ta gani a bakin ƙofa. Sai dai in aka ce Malam Aminu Kano, abin da ke fara faɗo wa mutane a rai shi ne NEPU da PRP da farar riga da jar hula. Kaɗan ne ke tuna cewa ya yi shekara takwas yana riƙe da alli a gaban aji, kuma abu na farko babba da ya gina da hannunsa, tun kafin a san shi a dandalin siyasa, ƙungiyar malaman makaranta ce. A kan wannan ɓangare na rayuwarsa za mu fi tsayawa.

An haife shi ran 9 ga Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, mufti ne a kotun alƙali, daga zuriyar Genawa, Fulanin da aka sani da alƙalanci da ilimin shari'a. Mahaifiyarsa Rakiya ita ma mai karatu ce, kuma a hannunta ya fara sanin baƙi da wasali. Ba ta daɗe ba, Allah ya yi mata rasuwa yana ɗan shekara shida ko kusa da haka, sai kakarsa ta ci gaba da riƙonsa. Mu dai a ganinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne a tarihinsa. Yaron da mata suka buɗe wa ido da allo, da wuya wani ya zo daga baya ya gamsar da shi cewa karatu ba na mace ba ne.

Ya shiga elemantare ta Shahuci, daga nan Midil ta Kano. Tun a Midil halinsa ya fara fitowa, don yana cikin waɗanda suka ja ɗalibai suka yi bore a kan rashin sabulu da lalacewar abinci. A 1937 ya wuce kwalejin nan da aka kafa a Katsina aka mayar Kaduna, wadda yau muke kira Barewa, ya gama a 1942. Aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi.

Bauchin nan ita ta ƙera shi. A can ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a makarantar, mutum mai sanyin hali da taka-tsantsan. A can kuma ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya koyar a makarantar kiwon lafiya ta Zariya ya dawo gida, malamin addini, mawaƙi, mai harshe kamar reza. Tsakanin waɗannan biyu Aminu ya zauna, kuma kowa ya san wanda ya fi ja shi. Shi kansa a aji ba irin malaman da aka saba gani ba ne a lokacin. Yana rubuta wasannin kwaikwayo ɗalibai su yi, wasannin da ke zolayar cin hanci da fadanci, yana kula da 'yan sikawut, yana kuma sakin jiki da yara fiye da yadda manya suke so.

A shekarun yaƙin duniya na biyu aka buɗe wani zauren tattaunawa a Bauchi, da yardar Turawan mulki, inda malamai da ma'aikatan En'e ke haɗuwa su yi muhawara a kan al'amuran yau da kullum. Aminu ne sakatare. Zauren bai yi tsawon rai ba. A wani zama ya tambayi yadda ake yanka wa sarki albashi, da dalilin da ya sa na wani sarki ya fi na wani. Yau tambayar ba za ta tsorata kowa ba, amma a wancan zamani, a bainar jama'a, gaban Turawa da mutanen fada, ta yi nauyi. Ba a jima ba aka rufe zauren. Su Malam Sa'adu suka buɗe tasu ƙungiyar ta neman gyaran Bauchi, wadda ba ta jiran izinin Di'o kafin ta zauna.

To, a nan ya kamata mu ɗan tsaya mu dubi yadda malamin makaranta yake a Arewa a lokacin, don in ba a san wannan ba, ba za a gane girman abin da aka yi a 1948 ba. Yawancin makarantun elemantare da Midil a ƙasashen sarakuna na En'e ne. Daga baitulmalin En'e albashi ke fitowa, kuma kowace En'e da ƙarfinta: abin da Kano za ta iya biya, ƙaramar masarauta ba za ta iya ba. Malami ba shi da inda zai kai kuka sai wurin wanda ya ɓata masa. In ya cika magana, a ɗauke shi a jefa wani ƙauye mai nisa, a ce canjin aiki ne. Ga kuma malaman makarantun mishan a Filato da Binuwai da Kudancin Zariya da Kabba, su ma da tasu damuwar daban, kuma ba su da wata mahaɗa da 'yan uwansu na Sakkwato ko Barno. A Kudu kuwa tun 1931 malamai suka kafa NUT a Legas, ƙarƙashin Rabaran Ransome-Kuti na Abekuta, har ta kai gwamnati na zama da ita a kan albashi da tsarin ilimi. A 1945 ma'aikatan ƙasar nan suka yi babban yajin aikin da ya wuce wata guda, kowa ya ga abin da haɗin kai ke iya yi. Malamin En'e yana ji a jarida, shi ko wurin zama da takwaransa na lardin maƙwabta ba shi da shi.

Abin mamakin shi ne, waɗannan malaman su ne kusan duk 'yan bokon da Arewa ke da su. Kwalejin Katsina ai don horar da malamai aka kafa ta. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Imam ya koyar a Katsina, Kashim Ibrahim a Barno, Shehu Shagari a lardin Sakkwato. Duk wanda ya iya tara malamai wuri ɗaya, ya tara ƙwaƙwalwar Arewa ke nan.

A 1946 aka ba Aminu gurbin ƙaro ilimi a cibiyar horon malamai ta Jami'ar Landan. Ya sami Ingila ta fito daga yaƙi, jam'iyyar Leba ta ma'aikata ce ke mulki, 'ya'yan masu haƙar kwal da tsofaffin shugabannin ƙwadago suna zaune a majalisa, wasu ma ministoci. Ya yi cuɗanya da 'yan siyasar da ke adawa da mulkin mallaka, ya karanta tarihin Gandhi da irin gwagwarmayarsa ta ruwan sanyi, ya je babban taron sikawut na duniya a Faransa a 1947. Ya kuma ga yadda malamin makaranta a can yake da ƙungiyar da ke tsaya masa. Tun suna Landan shi da 'yan uwansa malaman Arewa da ke karatu tare suka fara shirin kafa tasu.

A watan Maris na 1948 Ƙungiyar Malaman Arewa, wadda aka fi sani da NTA, ta tsaya da ƙafarta, Malam Aminu ne babban sakatare. Cikin waɗanda aka fara da su akwai Shettima Ajiram na Barno, da Yahaya Gusau, da Z. Y. Dimka daga Filato, da Tafawa Ɓalewa, da Shehu Shagari. Ku dubi sunayen nan da kyau. Firayim Minista ɗaya da Shugaban Ƙasa ɗaya sun fito daga cikinsu, a lokacin kuwa duk malaman makaranta ne masu lissafin yadda albashi zai kai ƙarshen wata.

Masana tarihi na lissafa ta a matsayin ƙungiya ta farko ta 'yan Arewa da ta game dukan larduna. Larduna goma sha biyu ne a lokacin, daga Sakkwato zuwa Adamawa, daga Barno zuwa Ilori. Babu tarho a hannun talaka, hanyoyin mota in damina ta sauka sai a hankali, jirgin ƙasa kuma iyakarsa garuruwan da dogo ya bi. Komai da wasiƙa ake yi, a manna kan sarki a kai gidan waya, a jira amsa mako biyu ko uku. Duk wadda ta taɓa riƙe littafin rajista, ta bi mambobi gida gida tana karɓar kuɗin wata, ta san aikin sakatare ba shi da daɗin faɗi. Shugaba ake tafa wa a taro, sakatare shi ke kwana da fitila yana kwafe takarda. Wannan kujerar Malam Aminu ya riƙe, ga kuma aji yana jiransa da safe.

Buƙatun ƙungiyar ba masu tsauri ba ne in aka duba su yau. A gyara albashi da sharuɗɗan aiki, a rage tazarar da ke tsakanin abin da malamin Arewa ke ɗauka da abin da takwaransa na Kudu ke ɗauka, a gyara manhajar karatu, a saurari malami in za a yanke hukunci a kan makaranta. Akwai kuma batun da ya jawo muhawara tun farko: shin malaman makarantun mishan su ma za su shiga? Tambayar ba ƙarama ba ce, don amsarta ce za ta nuna ko ƙungiyar ta malaman sarakunan Musulmi ce kawai, ko ta duk wanda ke koyar da yara a Arewa. Kasancewar mutum irin Dimka cikin waɗanda suka kafa ta ya nuna inda aka dosa.

Me ya sa hukuma ta ƙyale ta? A fahimtarmu, saboda a fuska maganar sana'a ce, kuma akwai dattawa masu natsuwa a cikinta waɗanda Turawa da sarakuna suka yarda da su. Amma abin da ta koya wa mutane ya wuce maganar albashi. A nan ɗan Arewa ya saba da zaɓen shugaba da ɗaga hannu, da rubuta abin da aka tattauna, da kawo ƙuduri a yi gardama a kai a kaɗa ƙuri'a, ba tare da an jira wani mai rawani ya ce ga yadda za a yi ba. A nan Bakano ya san Babarbare da sunansa, Basakkwace ya zauna benci ɗaya da mutumin Filato. Shi ya sa da aka zo kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948 zuwa 1949, wadda a farko ƙungiyar al'adu ce, fuskokin da aka gani a taronta da yawa an riga an san su a taron malamai.

Hukuma ba ta yi barci ba. An ga wannan saurayi ya fara yawa a Bauchi, aka yi masa tayin wasu muƙamai masu maiƙo da za su raba shi da fagen, ya ƙi. Sai aka mayar da shi kwalejin horon malamai ta Maru, a lardin Sakkwato na lokacin, jihar Zamfara ta yau. A takarda ci gaba ne. A zahiri kuwa an nisanta shi da Malam Sa'adu, an kai shi inda wasiƙa ke daɗewa kafin ta iso, ƙarƙashin idon En'e mafi girman daraja a Arewa. Irin canjin wurin aikin da ƙungiyarsa ke kuka da shi, ga shi ya faɗo kan sakatarenta. A Marun ma bai yi shiru ba, ya ci gaba da rubuce-rubuce da aikin ƙungiya, ya kuma yi ta samun saɓani da mahukuntan yankin.

Ran 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa takwas suka kafa NEPU a Kano, Jam'iyyar Neman Sawaba. Malam Aminu ba ya cikin takwas ɗin a rubuce, don ma'aikacin gwamnati ne, doka ba ta ba shi damar shiga jam'iyya ba. Zaɓi biyu ya rage masa: ya riƙe aikinsa ya ja bakinsa, ko ya ajiye. A watan Nuwamba na wannan shekara ya ajiye, ya kuma buga dalilansa a jaridar Comet. Yana da shekara talatin. Mu da muka san darajar albashin wata a gida, mun san abin da ya saki. A Arewar 1950 mutumin da ya yi Kwalejin Kaduna ya yi Landan, in ya yi haƙuri ya bi layi, babu kujerar da ta fi ƙarfinsa, kuma abokan aikinsa da suka bi layin sun hau kujerun. Shi ya koma Kano ba albashi ba fansho.

Daga nan hanya ta rabu. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama NPC a 1951, ta jingina da sarakuna, Tafawa Ɓalewa da Shagari da mafi yawan manyan malaman suka tsaya a can. Malam Aminu ya zama shugaban NEPU a 1953. Mutanen da suka zauna tebur ɗaya suna tsara takardar koke a kan albashi suka koma abokan hamayya. Abin da ya biyo baya iyayenmu sun ba mu labari: ɗauri a kotun alƙali, bulala, ɗaure mutum a kan ya yi taro ba izini ko ya ambaci sunan sarki a lacca. Ya faɗi zaɓe a 1954 da 1956, sai a 1959 ya ci kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Wakilai ta tarayya. Saboda ƙawancen NEPU da NCNC, wadda ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, sai ga shi a ɓangaren gwamnatin tsohon abokin aikinsa na Midil ta Bauchi.

Barin aikin koyarwa bai raba shi da koyarwa ba, kuma a nan ne tarihinsa ya fi shafar mu mata. Tun farkon shekarun 1950 ya buɗe aji a gidansa inda matan aure ke koyon karatu da rubutu da ɗinki da sana'ar hannu. Ya ƙarfafa makarantun Islamiyya na zamani, masu aji da allo da darasi a tsare, waɗanda 'yan mata ke zama a cikinsu kamar yadda maza ke zama. Da azumi yana tafsiri, kuma daga Alƙur'ani da tarihin Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u yake ciro hujjarsa a kan ilimin mata, shi ya sa masu cewa ra'ayin Turawa ya kwaso suka rasa inda za su kama shi. NEPU ta buɗe reshen mata, Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta ja ragamarsa, ta sha ɗauri da duka a kan haka. Jam'iyyar ta yi ta neman a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a a lokacin da matan Kudu suka riga suka samu. NPC ta ƙi, har Jamhuriya ta Farko ta faɗi a 1966 macen Arewa ba ta taɓa riƙe takardar zaɓe ba. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka buɗe ƙofar, sannan babban zaɓen 1979. Wasu daga cikin iyayenmu da ke karanta wannan shafi suna cikin layin farko.

Sauran muƙamansa sanannu ne, ba sai mun daɗe a kansu ba. A gwamnatin Janar Gowon ya riƙe kwamishinan sadarwa na tarayya daga 1967, sannan na lafiya daga 1971 zuwa 1974. Ya kafa PRP a 1978, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979, zaɓen da Shehu Shagari, abokin tafiyarsa a ƙungiyar malamai, ya lashe. PRP ta ci jihohi biyu, Kano da Abubakar Rimi, Kaduna da Balarabe Musa, kuma gwamnatocin nan suka soke haraji da jangali, abin da NEPU ta daɗe tana kira a kai. Amma ba za mu ɓoye ba, ƙarshen tafiyar ya zo da ɗaci. Jam'iyyar ta dare biyu, 'yan Santsi da 'yan Taɓo, gwamnonin biyu suka ja nasu ɓangaren, almajiran da ya rena suka riƙa mayar masa da magana a bainar jama'a. Mutumin da ya iya haɗa malaman larduna goma sha biyu da wasiƙa, haɗa 'ya'yan gidansa na siyasa ya gagare shi.

Ita kuwa ƙungiyar malaman ta rayu bayan ya bar aji. Ta sami rajistar ƙungiyar ƙwadago, ta ci gaba da magana da yawun malaman Arewa, da aka ƙirƙiro jihohi ta sauya suna zuwa ta malaman jihohin Arewa. A 1972 ta haɗe da NUT aka zama uwa ɗaya a ƙasa baki ɗaya. Don haka duk malama ko malamin firamare a gidajenmu da ake cire wa kuɗin ƙungiya a albashi, reshen wancan dashen na 1948 yake riƙe da shi, ko bai sani ba. Ba a ce an gama ba: jinkirin albashi da ƙarin girman da ba ya zuwa da kuɗi har gobe ana kuka da su, kuma mazajenmu da 'ya'yanmu masu koyarwa sun fi mu sanin wannan. Bambancin shi ne yau akwai ofishin da za a kai kukan, akwai kuma wanda doka ta san shi da zai zauna da gwamna a kai.

Ya bar rubuce-rubuce da Hausa, ciki har da Motsi Ya Fi Zama da littafin tarihin rayuwar malaminsa Sa'adu Zungur, wanda ya rasu tun 1958. Da zaɓen 1983 ya matso, PRP ta sake tsayar da shi, ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa a takara, abin da ba a saba gani ba a siyasar ƙasar nan. Bai kai ranar zaɓen ba. Allah ya karɓi ransa ran 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62. Aka binne shi a gidansa na Gwammaja kamar yadda ya so, jama'ar da ta yi masa salla ta cika unguwar ta tumbatsa. Bai bar dukiyar da za a yi rigima a kanta ba. Gidan, wanda aka fi sani da Mambayya, yanzu yana hannun Jami'ar Bayero, cibiya ce ta nazarin dimokuraɗiyya, kuma ɗakinsa da littattafansa suna nan ana kai ɗalibai su gani. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, da shi da malaman da suka yi wannan tafiya tare.